Muryar da Ke Zuwa a Makare

Modu, rufe kwamfutar nan ka ajiye ta tukuna. Tun ɗazu kake bina kana tambayar wane sistem za ka sa don ka fara ɗaukar waƙa, sai ka ce kuɗin albasa kake tambaya. Ku ma ku matso cikin inuwa, shayin bai yi ba ai. Wannan tambayar taka ta ci mini shekaru a Yamai, ta ci injin ban-ruwan kakata, don haka ba zan amsa ta a tsaye ba.

Ƙananan cikinku ba su san Kaka Fanna ba. Ita ta haifi babana. Shekarar da muka taso gudun hijira daga garinmu na bakin Komadugu, can gaba da Geskeru, kowa ya suri abin da ya fi so, wani tabarma, wani akuya. Ita tsohuwar nan ta kafe sai an ɗora mata injin ban-ruwa a amalanke. Muka iso Asaga da inji ba gona. Ya zauna a lungun rumfa kaji na kwana a kansa, kuma ko taɓa shi ka yi sai ka sha zagi. Wata safiya na tashi na ga wurin wayam, ta sayar wa wani manomin tattasai. Ta kira ni, ta damƙa mini ƙullin tsumma.

"Angona, an ce a birni akwai na'urar da ke kama murya ta adana kamar banda."

"Akwai, Kaka."

"To tafi ka koyo, ka dawo ka kama tawa. In ka tsaya kallon 'yan matan birni har na mutu, wallahi da muciya zan dinga zuwar maka a mafarki."

Ba kowace waƙa take nufi ba. Akwai wadda ake yi lokacin tsinkar tattasai, da Barbarci, mai tsawo ƙwarai. Tana farawa daga bakin ruwa ta bi gona-gona, tana kiran mai kowace gona da wanda ya gada a wurinsa, da tsamiya ko tudun da ya raba iyaka. Yaran da aka haifa a Asaga ba su taɓa taka gonakin nan ba, sai a waƙar za su san inda ubansu ya yi noma. Su biyu suka riƙe ta, Kaka da ƙanwarta Inna Falmata. Ita Inna Falmata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Suna, biki, kasuwa, sai an kusa watsewa za ka hango ta tana gyara ɗankwali. A waƙar ma haka, ba ta shiga tare da yayarta, kullum sai ta biyo bayanta da ɗan taki. Daminar farko a Asaga ta rasu, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara jin Kaka ta rera ko baiti ɗaya.

To na shiga kar a tashar Difa. Kada wanda ya ruɗe ku, Yamai ba nan kusa ba ce. Tun muna Gure ɗuwawuna suka yi sallama da ni, ban sake jin duriyarsu ba sai bayan na sauka.

Na samu ɗaki a gidan wani Mushe Hamani, tsohon malamin lakkal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, shi ya sa ake ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci. Mutumin nan ba shi da aiki sai gadin kontar kuran, wato mitar wutar lantarki. Kujerarsa a gindinta take. Da na jona ko cajin waya ne sai in ji ƙwanƙwasa.

"Kai ɗan Difa, me ka jona?"

"Waya ce, Baba."

"Kontar tana gudu kamar an biyo ta."

"Firjin Hajiya ne, Baba."

"Firjin Hajiya ya girme ka, ka kama bakinka!"

Aiki kuwa na samu a wani situdiyo. Kada sunan ya ba ku tsoro, ɗaki ne da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai. Mai shi Zakari, amma ya ce a kira shi Patron, wato oga, ni kuma sunana ya koma "peti", wato ƙarami, duk da na fi shi tsawo. Aikina shara, naɗe wayoyi, da sayo dambu da kopto in rana ta yi. A kan teburinsa akwai kwamfuta fara sol, an lulluɓe ta da kyalle mai ado kamar kwanon amarya. Ranar da na kai hannu zan share mata ƙura ya daka mini tsawa har mikoro, abin ɗaukar murya, ya amsa.

A nan na fara jin maganar sistem. Ga waɗanda ba su sani ba, sistem shi ne maigidan da ke zaune cikin kwamfuta, shi ke cewa wannan ya shigo, wancan ya jira. Ƙarfen na iya zama ɗaya, amma in maigida ya canza, zaman gidan ya canza. Uku ne ake ta faɗa a kansu. Akwai Mak, irin na Patron, shi ba a sayensa daban, sai da kwamfutarsa. Akwai Windos, wanda kowa ke da shi har mai buga takardu a bakin titi. Akwai kuma Linuks, wanda a lokacin ko sunansa ban iya faɗa ba, Linus nake cewa, har wani Inyamuri maƙwabcinmu ya ɗauka ƙanensa nake nema.

Da abin da ya rage na injin Kaka na sayi tsohuwar kwamfuta a kasuwa, mai Windos, harafin A ɗinta ya ɓalle. Na haɗa da wani ɗan akwatin sauti, wanda suke kira kart son, shi ake jona wa mikoro. Akwatin nan ya sha hannu har sunan da ke jikinsa ya goge, ba wanda ya san uban da ya ƙera shi.

Wata rana Patron ya fita, sai ga wani mai maganin basir ya zo a ɗaukar masa tallan da zai sa a lasifika. Na ce yau ranata ce. Na shimfiɗa kayana, na sa masa kaske, abin sauraro, a kunne, na ce bismilla. Ya ɗaga murya, "Jama'a, ga magani ya zo, ya zo, ya, ya..." Ya tsaya ya waiga bayansa.

"Malam, wa ke kwaikwayona?"

"Ba kowa, Alhaji, ci gaba."

Ya sake gwadawa, harshensa ya sarƙe, mutumin da ke cika kasuwa da surutu ya koma in'ina. Ya fizge kasken ya ce shi ba ya aiki a ɗakin da ke da mutanen ɓoye. Patron ya shigo daidai lokacin, ya saurara, ya yi dariya har ya dafa bango.

"Latans ne, baƙauye! Ba ka sa pilot ba."

"Pilot na jirgin sama, Patron?"

Ya ƙara fashewa. Ashe pilot wani ɗan tafinta ne da ake sa wa sistem don ya ji yaren akwatin sauti. In babu shi, muryarka za ta shiga mikoro, ta yi ta zagaye cikin kwamfuta, sannan ta dawo kunnenka a makare. Wannan makarar ita ce latans. Ba laifin Windos ba ne, na ga masu aiki da shi lafiya lau a Yamai. Laifin akwatina ne marar suna, don duk mai gyaran da na kai wa sai ya juya shi ya ce ta ina zai nemo pilot ɗin abin da bai san danginsa ba.

Hankalina ya tashi ƙwarai. In mai maganin basir ya kasa, ina ga tsohuwa mai tari? Na riƙa ganin muciyar nan tun kafin in yi barci.

Patron ya ce magani ɗaya ne, in sayi Mak kamar mutanen kirki. Na je shago na taya. Da mai shagon ya faɗi kuɗin sai na tambaye shi ko har da shagon ne. Ban da haka ma, na yi tunanin in ta lalace a Difa wa zan kai wa, ko mai gyaran salular nan na bakin kasuwa da ke gyara komai da man goge haƙori.

Sai Allah ya haɗa ni da Ramatu, wata ɗalibar jami'a da ke zuwa karanta tallan rediyo. 'Yar Linuks ce. Ku kiyayi 'yan Linuks, yara, ba sa barin ka gama gaisuwa sai sun yi maka wa'azi. Ta dubi kwamfutata ta ce sistem ɗin ya yi mata nauyi, ta zaro wata 'yar kile, wato filash, daga jaka.

"Nawa ne?" na ce.

"Kyauta."

"Sata aka yi?"

"Kai dai ɗan Difa! Mutane ne suka taru suka gina shi, kamar gayya."

Wannan maganar ta shige ni, don na san gayya. Na ce ta share tsohon kaf, na gaji da shi. Ta ƙi. Ta ce za ta raba cikin kwamfutar ɗaki biyu, in na kunna ta tambaye ni wanda zan shiga, wata rana zan gode mata. Da ta gama muka jona akwatin nan marar uba, sai ga Linuks ya karɓe shi ba tambaya ba pilot. Ta ɗan daidaita wasu lambobi, na sa kaske na ce "assalamu alaikum", na ji muryata a kunnena daidai da fitarta daga bakina. Wallahi har rawa na taka, Mushe Hamani ya zo ya buga ƙofa ya ce rawar ma kuran take ci.

Amma kada ku ɗauka aljanna na shiga. Linuks yana da wani baƙin allo da ake rubuta masa umarni, in ka kuskure harafi ɗaya sai ya yi maka shiru kamar surukin da ba a gaisar ba, ga shi ni harafin A ɗina sai da tsinken ashana nake danna shi. Ayyukan da Patron ya fara a tasa ba sa buɗuwa a tawa. Sannan akwai wani ɗan kayan aiki da ke miƙar da murya in ta karkace, wanda rabin mawaƙan da ke zuwa wurinmu da shi suke cin abinci, irin wanda Patron ya saba da shi kuma bai zauna a sabon ɗakin ba. Wata mawaƙiya ta ji muryarta ta gaskiya a kwamfutata, ta ce na ɓata mata suna.

Sai na koma ɗan shige da fice. In ɗauka a Linuks, in kwashe a kile, in kashe, in kunna, in shiga Windos in gyara, in sake dawowa. Abin ya zame mini jiki. Da abu ya ƙi, ko waya ce ta kwance, ko mikoro ne ba a kunna ba, ni dai sai in canza sistem.

"Peti, ka zaɓi ɗaya! Mutane na jira kana kashe-kunna."

"Patron, kowanne da ranarsa."

"Kai ma yau taka ta kusa."

Ban kai ga korar ba aka kira ni daga gida. Babana ya ce tarin Kaka ya ƙaru, ba ta gama kwanonta. Kaka ta fizge wayar, na ji numfashinta yana sama-sama.

"Angona, injina ya zama me?"

"Ya zama kwamfuta, Kaka."

"To ta zo ta yi ban-ruwa, shukar ta fara bushewa."

Washegari na haɗa kayana. Patron ya ce da rarrafe zan dawo. Mushe Hamani kuwa, abin mamaki, ya raka ni har bakin titi ya sa mini albarka, sannan ya ce in tabbata na cire cajata daga bango.

Da hantsi na isa Asaga, da tabarau da jakar goyo, ina jin kaina. Labari ya riga ni, tsofaffin garinmu sun cika rumfa, yara sun leƙo ta jikin zana. Kaka ta rame, amma bakin na nan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce Yamai ba ta ƙara mini komai ba sai wuya. Babu kuran a wurin, batir kawai na dogara da shi, shi ya sa na shiga Linuks, ga sauƙin ci ga ba latans. Na ɗaura mikoro a jikin turmi, na sa mata kaske a kan ɗankwali, ina ta zuba musu Faransanci don su san an je birni.

Ta yi gyaran murya ta ɗauko baitin farko, na bakin ruwa. Sauti garau, ko Patron sai ya sara mini. Tana kai ƙarshen baitin ta tsaya. Ta sake ɗaukowa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Kaka, ci gaba, sautin tsaf yake."

"Ba ta fitowa."

"Ko ruwa za ki sha?"

"Ba ƙishi ba ne. Ji nake kamar ina sallama a gidan da aka tashi."

Ta zare kasken ta ajiye a cinya, ta kawar da kai. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Au, abin Yamai ɗin ke nan?" Aka yi 'yar dariya. Kaka ba ta yi ba. A hankali ta ce, "Injina ya tafi a banza." Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin nan ba. Na kori latans, na koyi baƙin allo, na sha zagin Patron, ga shi na zo na tarar abin da ya hana waƙar fita ba ya cikin kwamfuta.

To me ɗan Yamai ya iya in abu ya ƙi? Na ce musu sistem ne, a ɗan dakata. Ƙarya nake, kawai ina neman abin da hannuna zai yi don kada a ga idona. Na kashe, na kunna, na shiga tsohon ɗaki. Na daɗe ban ɗauki murya a can ba, har na manta halinsa. Na lallaɓa Kaka ta mayar da kasken, ta ce don dai kada a ce ta kunyata mijinta a gaban jama'a.

Ta ɗauko baitin. Na ga idonta ya buɗe, ta miƙe zaune. Nan take na tuna, na ce wayyo latans, na kai hannu zan cire mata. Ta make mini hannu har sai da ya yi ƙara.

"Kar ka taɓa. Ta zo."

"Wa, Kaka?"

"Wa ka sani da zai zo a makare haka?"

Abin da ya sarƙe harshen mai maganin basir, ita da shi ta girma. Tun tana budurwa take waƙa da murya a bayanta. Ta lumshe ido ta shiga, daga bakin ruwa ta haura gonar su Bulama, ta karya ta tsamiya, ta bi tudu. Rumfa ta cika da sheshsheƙa. Duk wanda aka kira gonar ubansa sai ka ji yana yi mata sannu da Barbarci, "wushe, wushe". Wasu tsofaffi biyu ma har suka fara gardamar iyaka a tsakiyar waƙa, a kan gonar da ba wanda ya gani tun tasowarmu, sai da aka tsawatar musu. Ni kuwa ido ɗaya a kan batir, ɗaya yana zubar da ruwa. Ta kai gona ta ƙarshe, ta sauke, batir bai mutu ba.

Da na kunna musu abin da aka ɗauka sai murya ɗaya ta fito, don makarar a kunne kawai take, ba ta shiga ɗauka. Kaka ta saurara ta taɓe baki.

"Ta gudu ke nan. Haka take, in an zo wanke-wanke ba ka ganinta."

Don haka na tafi Difa na yi caji, na dawo na zauna kusa da ita, na kwafi muryarta na ɗora a bayan ta farko. Abin da na ƙare ƙuruciyata ina kora, shi na zauna ina ginawa da hannuna, kuma a Linuks ɗin da ya kore shi. Tana kishingiɗe tana ba ni umarni. "A'a, ta yi sauri, Falmata ba ta da wannan kuzarin. Ja ta baya. Ƙara kaɗan. Yawwa, ita ce." Na tura wa Patron don ya ji, ya aiko mini da saƙon murya wai akwai latans, aikin 'yan koyo ne.

Kaka ba ta ga tsinkar tattasai ta gaba ba. Ba ta kuma taɓa zuwar mini da muciya ba, sai dai in ta manta hanya.

Don haka Modu, amsarka ke nan. Ka fara duba wanda akwatin sautinka ke shiri da shi, da wanda kwamfutarka za ta iya ɗauka ba ta nishi, da wanda in ya rikice akwai mai duba maka shi a garin nan. Ka kwashe aikinka a kile kafin ka taɓa komai. In ka canza kuma, kada ka yi saurin rushe tsohon ɗaki. Nawa yana nan, har yau ban nemar masa pilot ba.

Waƙar kuwa ta bi wayoyi, daga Asaga har Tumur. Kasuwar da ta wuce ina tsaye wurin masu banda, sai na ji ta tana tashi daga wayar wani matashi. Wata tsohuwa 'yar garinmu da ke auna gyaɗa ta tsaya da mudu a hannu, ta kasa kunne har aka wuce tsamiya. Ba ta san ni ne na ɗauka ba. Ta goge ido da bakin mayafi, ta girgiza kai ta ce, "Allah ya jiƙan Falmata. Har yanzu ba ta iya shiga a kan lokaci ba."